Akwatin Ladi Tanko

Duk yaron da aka kawo mini koyon aikin kafinta, abin da yake fara tambaya shi ne yaushe zai yi kujerar kushin. Idan na ce masa sai ya iya akwati tukuna, sai ya dube ni kamar na zage shi. A ganinsa akwati ai katako shida ne da ƙusa. Ku ma da kuke zaune nan na san haka kuke gani, balle yanzu da inji ke tsaga muku katako, ya goge muku, ya huda muku. To, katako shida ne, ban musa ba. Sai dai kowanne cikin shidan yana da inda yake son lanƙwashewa, kuma ban taɓa ganin guda biyu da ra'ayinsu ya zo ɗaya ba.

Ni mutumin wani ƙauye ne a bayan Shika, sunana Bitrus. Mu maza mun yi wa gonar ubanmu yawa, sai wani dattijon ikilisiyarmu ya riƙo hannuna ya kawo ni Sabon Gari, a shekarun da ake ta maganar mulkin kai amma Bature bai tafi ba tukuna. Ya danƙa ni a hannun wani Bayarabe kafinta, Oga Salami, mai rumfar kwano a bayan kasuwa, ba nisa da tashar jirgin ƙasa. Oga gajere ne, kullum da fensir a bayan kunne ko da masallaci za shi. Ya daɗe a Zariya, yana jin Hausa sosai, sai dai Hausarsa ba ta san mace ba. Kowa namiji ne a bakinsa, har matarsa.

Aikina na farko miƙe ƙusa ne. Sabuwar ƙusa tana da tsada a lokacin, don haka sai a sayo tsofaffin akwatunan kananzir daga kantuna, a ɓaɓɓalle su, ni kuma in zauna da guduma da guntun ƙarfen layin dogo ina miƙe ƙusoshin da aka zare. Daga nan aka ƙara mini girma zuwa dafa gam. Gam ɗin wancan zamani ba a kwalba yake zuwa ba, busasshe ne kamar ƙanzo, a jiƙa shi a gwangwani a ɗora kan wuta. Warinsa ne ya sa mai tuyar ƙosan da ke kusa da mu ta canza wuri. Bayan gam sai wasa kayan aiki: bakin jakfilen, wato abin fere katako ya yi sumul, da cizal na sassaƙa, da haƙoran zarto waɗanda ake bi da magagari ɗaya bayan ɗaya. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban yanka katakon da za a sayar ba. Idan na yi magana, Oga ya ce, "Hannunka bai nuna ba."

A wancan lokaci akwati shi ne abincin kafinta. Ma'aikacin reluwe da aka yi wa canjin gari, ɗan makaranta, soja mai zuwa hutu, malamin asibiti, kowa sai da akwatin katako. Sai wata shekara kantuna suka cika da akwatin ƙarfe, baƙi mai zanen jajayen furanni, yana sheƙi, ba shi da nauyi. Wannan ita ce muguwar shekararmu. Mutum zai zo gaban rumfa ya shafa akwatinmu, ya buɗe ya rufe, ya yaba aikin sosai, sannan ya wuce kanti ya sayo na ƙarfe. Akwatunan da muka riga muka yi suka taru har rufin rumfa, kajin maƙwabta suka fara ƙwai a cikin na ƙasa. Babban yaron Oga ya koma facin keke. Sauran aka sallame su. Shi kansa Oga ya fara tafiya Samaru a kan kekensa, inda ake gina wata kwaleji, yana kafa musu ƙofofi da tagogi, ni kuma ina gadin rumfa. Bai ɓoye mini ba, ya ce idan an yi Kirsimeti abubuwa ba su canza ba, in koma in taya ubana noma.

Ana cikin haka, wata Asabar da Oga yake rumfa, sai ga wani dogon mutum makaho riƙe da sanda, wata yarinya tana gaba riƙe da ɗaya bakin sandar. Na san shi da gani. Malam Tanko ne, mutumin Samaru, mai tufka igiyar rama yana sayar wa masu shanu da masu rijiya a kasuwa. Matarsa ta rasu tun tuni. Yarinyar, Ladi, ita kaɗai gare shi, kuma ita ce jagorarsa tun tana ƙarama. Ba ta wuce shekara goma sha biyu ba. Da safe tana zuwa makarantar mishan a Samaru, ran kasuwa kuma ta jawo ubanta har Sabon Gari a ƙasa, ta mai da shi da yamma.

Suka gaisa da Oga, ya ba shi benci ya zauna.

"Akwati nake so," in ji Malam Tanko. "Na katako. Yarinyar nan ta ci jarrabawa, an ɗauke ta makarantar kwana can wajen Jos. Bayan sabuwar shekara za ta hau jirgi."

Oga ya nuna masa tarin akwatunan da ke rumfa, sannan ya tuna ba ya gani, ya kama hannunsa ya ɗora a kan ɗaya. Malam Tanko ya shafa ya girgiza kai. Ya ce waɗannan na manyan maza ne, yarinya ba za ta iya ko jan su ba.

"Kowa na ƙarfe yake saye yanzu," in ji Oga. "Kai me ya sa kake son na katako?"

"Na taɓa na ƙarfen. Na danna shi da babban yatsa ya lotsa. Ita kuwa shekaru za ta yi tana hawa jirgi tana sauka."

Oga ya dubi Ladi, ya dubi sandar da ke tsakaninsu. Ya ce, "Idan yaron nan ya tafi, wa zai ja maka sanda?"

"Akwati na zo nema, Oga. Shawara na riga na yi a gida."

Oga ya koma kan ciniki. Ya ce shi dai aikin Samaru ya riƙe shi, ba zai samu hannu ba, amma ga yaronsa nan zai yi. Malam Tanko ya juyo da fuskarsa daidai inda nake tsaye, ko da yake ban yi motsi ba.

"Ya taɓa yi?"

"Bai taɓa ba."

"To, ni ma ban taɓa kai 'ya makaranta ba. Ya yi."

Yadda suka daidaita ban sani ba, na dai ga an bar damin igiya a bayan rumfa. Da suka tafi, telan da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ya ce na yi sa'a, aikina na farko ya faɗa a hannun wanda ba zai gani ba.

Oga ya hau benci ya sauko da wasu ragowar katakon maɗaci da ya ɓoye a ƙarƙashin rufi. Ya zana mini tsawo da faɗi a jikin bango da fensir. Ya ce kusurwa huɗun nan ba ya son ganin ƙusa ko ɗaya. Zan yanka bakin kowane katako kamar haƙora, na wannan su shiga tsakanin na wancan, a shafa gam a matse. Irin wannan haɗi ko an jefo akwati daga kan mota ba ya buɗewa. Na sha ganin yana yi, hira ma yake yi yana yi. Ya hau kekensa ya tafi.

Fere katako na fara. Wanda bai taɓa riƙe jakfilen ba yana zaton turawa kawai ake yi. Katako yana da inda ya kwanta, kamar gashin jikin akuya. Ka bi ta inda ya kwanta, ɓawon ya fito dogo yana naɗewa. Ka bi ta baya, ya yi ta tsattsagewa. Maɗaci kuwa sai ya kwanta ta nan a wannan gefe, ya juya ta can a tsakiya, ba tare da ya gaya wa kowa ba.

Ran kasuwa ta gaba sai ga Ladi ta kawo ubanta, ta zaunar da shi a bakin rumfa, ta koma tsaron igiya. Ya ce ba wani abu ba ne, inuwarmu ta fi ta kasuwa sanyi. Ya fito da rama ya fara tufka. Ina cikin fere sai ya ce, "Yaro, ni ban san aikinku ba. Amma ɗazu abin nan naka yana tafiya shuu, yanzu kuma tuntuɓe yake yi."

Na duba, na tarar na yage fuskar katakon. Na juya shi na bi ta ɗaya gefen. Shi kuma ya ci gaba da tufkarsa. Daga ranar, duk ran kasuwa yana nan. Telan ya daina maganar sa'a.

Haƙoran su suka fi ba ni wuya. Ana zana su da sikwaya, ƙarfen daidaita kusurwa, da bakin wuƙa, ba da fensir ba, don layin fensir yana da kauri. Sai ka yanka da ƙaramin zarto a gefen layin da za a zubar, ba a kan layin ba. Idan ka ci layin, haɗin ya yi sako-sako, kuma babu gam ɗin da zai cike maka. Ni na ci layin. Da na haɗa ɓangarorin huɗu suka tsaya, daga nesa kamar akwati. Na miƙa wa Malam Tanko. Ya ɗora a cinya ya bi kusurwa da yatsa, ya tsaya a wani wuri, ya cusa farcensa har ya shige.

"Nan fa?"

"Gam zai toshe, Baba."

"Kyankyaso zai shiga nan da iyalinsa."

Da yamma Oga ya dawo, ya ɗaga abin ya hangi hasken rana ta kusurwa. Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki gudumar katako ya bubbuge shi ya rabu huɗu, ya ajiye mini a kan benci, ya tafi alwala. Babu wani katakon da za a ƙara mini. Abin da ya rage shi ne in yanke haƙoran gaba ɗaya in fitar da sababbi, wato akwatin ya ragu ke nan. Na yanke na sake. Na biyun ya yi matsi da yawa, da na buga sai haƙori ɗaya ya tsage. Na sake yankewa. Akwatin ya ƙara raguwa.

Ladi ta zo ɗaukar ubanta ta tsaya tana kallon katakon. Yarinya ce mara yawan magana. Ta auna tsawonsa da tafin hannunta, ta ce, "Bargo zai shiga kuwa?"

Na ce zai shiga idan an ninke shi da kyau.

"Idan ka sake yankewa fa?"

Na ce ba zan sake ba. Ban san da me na dogara ba da na faɗi haka. Na dai kwashe duk guntayen katakon kananzir da ke rumfa na yi ta fitar musu da haƙora ina zubarwa, har matar Oga ta samu itacen girki na mako. Sannan na koma kan maɗacin. Wannan karon da na ɗora na danna da tafin hannu sai suka shiga rabi suka tsaya, na bi da gudumar katako a hankali suka zauna. Malam Tanko ya zagaya kusurwa huɗun da farce bai samu ƙofa ba. Ya ce, "To." Na dafa gam, shi kuma ya matsa can bakin titi har warin ya lafa.

Murfi wani aiki ne daban. Na fere shi sumul na jingina a bango, rana ta same shi ta gefe ɗaya, kafin la'asar ya gantsare kamar kwale-kwale. Idan ka ɗora shi a kan akwatin ka danna wannan kusurwa, waccan ta ɗaga. Oga ya ce in kifa shi a kan danshin ƙasa ya sha sanyi ya dawo, sannan in kafa masa sanduna biyu a gicciye ta ciki su riƙe shi. Daga ranar ban sake jingina faffaɗan katako a rana ba. Hinjis kuma, ƙarafan da ke haɗa murfi da akwati, sai ka sassaƙa musu gurbi da cizal daidai kaurinsu, in ba haka ba murfi ya bar baki ta baya. Sukurun da ke riƙe su juya shi ake yi har ya nutse. Ba a buga shi da guduma, ko da ba mai ganinka. Na ga wasunku suna yi.

Mariƙi Malam Tanko ne ya kawo da kansa. Igiya ce guda biyu da ya tufka sirara masu ƙarfi, ya ce ta ƙarfe tana yanka hannun yaro. Na so in huda jikin akwatin in zura, ya tuna mini da kyankyason. Sai na kafa guntun katako ta waje a kowane gefe, na huda guntun, igiyar ta bi ta ciki. Shi ya ƙulla da hannunsa. Na gwada kwance ƙullin daga baya don in ga yadda ya yi, ban iya ba.

Sai maganar suna. Makaranta ta ce kowace yarinya a rubuta sunanta a jikin akwatinta. Abin da aka saba shi ne a kai wa mai fenti ya rubuta da fari. Malam Tanko ya ce shi fenti ba ya gaya masa komai, a sassaƙa sunan a cikin katakon. Na ce masa ban taɓa sassaƙa rubutu ba, kuma idan cizal ya zame murfin ya lalace ke nan, ga lokacin tafiya ya matso.

"Haƙoran ma ba ka taɓa yi ba," in ji shi.

Karatuna a lokacin bai wuce bin waƙa a littafi ran Lahadi ba. Ladi ce ta karɓi fensir ta zana baƙaƙen manya-manya a kan murfin: LADI TANKO. Masu miƙaƙƙun layi ba su ba ni wahala ba. Biyu ne masu lanƙwasa, ɗaya a sunanta, ɗaya a ƙarshen nasa, kuma cizal miƙaƙƙe ba ya son kwana. Na yi ta tsinka kaɗan-kaɗan kamar mai cire ƙaya. Da na gama na hure garin katakon, na goge da samfefa, Ladi ta kama hannun ubanta ta ɗora a farkon rubutun.

Ya bi na farko da yatsa, ya gangaro ya karya kwana. Ya wuce na biyu ya daɗe a kai.

"Wannan mai buɗe ƙafa fa?"

"A ne, Baba."

Ya ci gaba a hankali, ya ƙare sunanta, ya tsallaka nasa. Can sai yatsan ya tsaya, ya koma baya ya taɓa mai buɗe ƙafar nan na sunanta, ya dawo.

"Ga shi kuma a nan."

"Eh, akwai shi a sunanka."

"Ashe." Ya ƙarasa har zagayayyen na ƙarshe, ya zagaya shi sau da yawa. "Wannan ya ɗan karkace ko haka yake?"

Na ce ya ɗan karkace.

"Bar shi. Za ta gane akwatinta."

Ya sake komawa farko ya bi duka, bakinsa yana motsi. Ladi ta juya tana kallon titi. Ni kuma na tafi neman gwangwanin banish, man da ke sa katako sheƙi.

Da banish ya bushe, na kafa wurin rataya kwaɗo, Oga ya zo duba aiki. Ya buɗe ya rufe, ya saurari ƙarar murfin. Ya sauke akwatin ƙasa ya hau kai da ƙafa biyu ya yi tsalle. Ya ɗaga shi da mariƙi ɗaya ya jijjiga. Ya ɗora a kan benci ya ture shi ya faɗo. Sannan ya ɗauka ya duba kusurwoyin, ya ajiye. Ya ce, "Ka share rumfa." Yana kan hawa keke ya ƙara da cewa ran Litinin in wasa jakfilen in biyo shi Samaru, akwai ƙofofin da ke jiran fere. Maganar komawa gona ba ta sake tasowa ba. Bargo ya shiga, har da sauran wuri na kwano da sabulu.

Ranar tafiya ni na ɗauki akwatin a ka zuwa tasha, su biyun suna gaba da sandarsu. Da safe ne, dandamalin ya cika da 'yan makaranta da iyayensu. 'Yan matan da za su makaranta ɗaya da Ladi sun taru a gefe guda, kowace da akwatinta na ƙarfe mai furanni. Na sauke namu a cikinsu, shi kaɗai ne na katako. Wasu suka dube shi suka dubi juna. Ladi ta ga sun duba. Sai ta matsa ta tsaya a jikin akwatinta. Gaskiya kuma ya fi nasu nauyi, maɗaci ba wasa ba ne. Sai da na shiga da shi cikin taragon da kaina. Babu wurin zama ko na ɗora ƙafa, don haka na tura shi jikin taga na ce ta zauna a kai.

Ta sauko yin sallama. Malam Tanko ya laluba wuyanta ya tabbatar makullin yana rataye a zare. Ya ce kada ta ba da aron bargo, kada ta sa jiƙaƙƙen kaya a ciki, idan an ba da abinci ta ci ko ba daɗi.

"Baba, ɗan Gwaggo ya ce zai riƙa kai ka kasuwa. Ya yi alkawari."

"Na ji."

"Maganin tarinka yana cikin ƙwaryar da ke bayan ƙofa."

"Ni na ajiye shi a wurin."

Jirgi ya yi kuka. Ta ɗauki bakin sandar da take riƙewa ta sa a hannuna. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka kai shi har gida. In akwai rami ka ɗan ɗaga sandar. In mota ce ka ja ta gefe. Kada ka riƙa gaya masa da baki, ba ya so." Na ce to. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya dafa kanta, ta hau. Ta taga na hango ta zauna a kan akwatin, ta matsa wa wata yarinya ita ma ta zauna.

Jirgin ya ja. Muka tsaya har mutane suka fara watsewa.

"Ya ɓace?"

"Ya sha kwana, Baba."

"To, mu tafi."

Jan makaho ma sana'a ce, kuma ban iya ba. Na yi sauri, na yi jinkiri, na kai shi ya yi karo da buhun wani mai albasa. Bai yi ƙorafi ba. Muka ratsa kasuwa muka fita gari, muka hau titin Samaru. Da gidaje suka ƙare sai ya tsaya.

"Sake sandar."

Na ce Ladi ta ce in kai shi har gida.

"Ladi tana cikin jirgi. Tun ranar da aka ce ta ci jarrabawa nake koyon hanyar nan, ita ba ta sani ba. Tana ja, ni ina lura. Kwalta tana dama, ƙasa tana hagu. Na san kwalbatocin, na san inda inuwar mangwaro take, na san inda warin shanu yake farawa. Ɗan Gwaggonta zai zo sau ɗaya ko biyu, daga nan ƙafarsa ta fara ciwo. Gara in fara yau. Koma rumfarku."

Na saki. Ya gyara riƙon sandar, ya miƙa ta gaba, ya sami bakin kwalta, ya kama tafiya yana ƙwanƙwasawa.

Na yi wa yarinya alkawari, kuma na ga yadda motocin kaya ke gudu a titin. Takalmin taya ne a ƙafata, mai ƙara in ana tafiya. Na cire na riƙe a hannu, na bari ya yi nisa, sannan na bi shi.

Tafiyar da ake yi kafin rana ta take, mu sai da ta kai tsaka muna hanya. Idan ya ji mota tun daga nesa sai ya sauka gefe ya tsaya cik har ta wuce. Masu keke suna kauce masa. Wata mata mai itace ta ce ko ta ja shi, ya gode mata ya ce ya kusa. A wani wuri da ruwa ya cinye bakin titi, sandar ta rasa kwalta, ya gangara cikin karan dawa. Ya yi gaba, kara ya tare shi. Ya juya, ya sake shiga kara. Ya tsaya yana saurare, kansa a karkace. Ni ma na tsaya a inda nake da takalmi a hannu. Can wani mai jaki ya wuce a kan titi, ya bi ƙarar kofaton ya hauro, ya lalubi kwaltarsa ya ci gaba.

Sai da muka wuce shingen gonar gwaji, rufin gidajen Samaru ya bayyana, sannan ya tsaya a ƙarƙashin wata bishiya. Bai juyo ba.

"Bitrus."

Na tsaya cik da takalmi a hannu.

"Sa takalminka, ƙasa ta yi zafi. Tun daga kwalbatin farko nake jin tausayin ƙafarka."

Na sa takalmi na matso. Ya share gumin fuskarsa da hannun riga.

"Tunda ka riga ka zo har nan," in ji shi, "ƙofar ɗakina tana jan ƙasa. A da Ladi ce ke ɗaga mini in za a rufe. Zo ka duba."

Ƙofar nan ita ce aikina na biyu.